Dako a Mile 12: "Malam, wai me nake yi a duniya?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Katsina ne, ina zaune a Legas. Da okada nake yi, da aka hana a 2022 sai na sayar da babur na koma dako a kasuwar Mile 12. Tun kafin asuba ina gindin tirela ina sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, dare na yi sai barci. Abin da na samu gida nake turawa, ga mahaifiyata, ga matata da yara biyu. Salla ina yi, amma ba na jin komai a raina. Abokina da muka yi karatun allo tare yanzu limami ne a garinmu. Malam, wai me nake yi a duniya? Ko in tattara in koma gida in kama karatu?

Daga wani mai karatu, Mile 12

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ɗana, Allah ya yi albarka.

Wannan kukan naka wani sahabi ya riga ka yin sa. Muslim ya ruwaito cewa Hanzala ya haɗu da Sayyidina Abubakar, sai Hanzalan ya ce masa game da kansa, "Hanzala ya yi munafunci." Dalilinsa shi ne in suna gaban Annabi (SAW) ana tuna musu wuta da aljanna kamar suna ganinsu, amma da sun koma cikin mata da yara da hidimar dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Da suka kai maganar, Annabi bai ce su bar iyali da nema ba. Ya gaya musu da za su dawwama a kan halin da suke ciki a gabansa, da mala'iku sun riƙa musafaha da su a kan hanya, amma lokaci bayan lokaci ne. To in Abubakar zuciyarsa na hawa da sauka, kai da ka wuni da buhu a ka kada ka yanke wa kanka hukunci.

Inda nake ganin ka karkace shi ne ka raba rayuwarka gida biyu: salla ta Allah, dako kuma na ciki. A aya ta 56 ta Suratuz Zariyat Allah ya ce bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta masa, kuma malamai ba su taƙaita bauta a kan dadduma ba. Bukhari ya kawo hadisin da Annabi ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace a bayansa ya sayar ya fi masa alheri da roƙon mutane. Dako ke nan, ɗana. Ya kuma gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah yana da lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Kuɗin da kake kai wa mai POS ka tura Katsina, abincin tsohuwarka ne da sabulun yaranka. Ciyar da su wajibi ne a kanka, zama limami kuwa ba wajibinka ba ne. Abokinka Allah ya ƙara masa, amma bai ɗauke maka wannan nauyin ba, kai ma ba a ɗora maka nasa ba.

Sai dai lada ba ta zuwa haka kawai, da niyya take. Kafin ka sa gammo ka tuna don wa ka fito. Ka riƙe amanar kaya: kada tumatir ɗaya ya bi aljihunka, kada ka dire kwando da ƙarfi don mai kaya ya ɓata maka rai. Sannan ƙwayoyin nan da wasu 'yan dako ke sha wai don ƙarin ƙarfi, irin su taramol, ka nisance su. Suna daga cikin abin da ke kashe zuciya, ba jiki kaɗai ba.

Asuba ita ce na fi jiye maka, don na san tirela ba ta jiran kowa. Raka'a biyu ce. Ku shirya da abokin aikinka, wannan ya je ya dawo, wancan ya je.

Karatu kuma ba sai ka koma gida ba. Daga nan Agege inda nake har Idi-Araba da Mile 12 ɗin taku, ba a rasa masallacin Hausawa da ake zama bayan magariba. Nemi malami ɗaya ka ɗauki Ahalari don gyaran tsarki da salla, ko Arba'una Hadisi, ko sau biyu ne a mako. Zaman ma kansa magani ne, don rabin abin da ke damunka kewa ce. Legas gari ne mai cunkoso, amma mutum kan yi wata bai samu wanda ya tambaye shi lafiyar gida ba.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu shekara biyu, uku ba su leƙa gida ba, suna cewa ai suna aike. Matarka tana da haƙƙin ganinka, yara ma haka. Shiga adashi da mutanen da ka yarda da su, ka ware kuɗin mota, ka je da damina ko da salla.

In kuma nauyin zuciyar ya kai ga barci ya ƙaurace maka duk da gajiya, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin gara mutuwa, to wannan ba raunin imani ba ne, ciwo ne. Gaya wa wani babba da ka amince da shi ya raka ka asibiti, kada ka bari sai gobe.