Filin Tambayoyinku: Shirin Jarrabawar Ɗamara a Jiyu-jitsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata ɗaya da rabi ina jiyu-jitsun Birazil da farar ɗamara. Malaminmu ya ce nan da mako 6 zai gwada mu don shuɗiya, kuma abin zai faɗo cikin zafin Afrilu. Me zan fi mayar da hankali a kai? Daga wani mai karatu a Rumde Ajiya, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da tambayar malaminka jerin abin da zai duba, domin kowane kulob da tsarinsa. Wani yakan sa a nuna dabaru ɗaya bayan ɗaya, wani kuwa kallon yadda kake kokawa da 'yan'uwanka kawai yake yi. Amma duk malamin kirki abin da yake nema ga mai son shuɗiya shi ne ya iya fita daga ƙarƙashin mutum ba tare da ya ruɗe ba. A kokawarmu ta gargajiya da an yi kaye an gama. A nan kuwa sai an kai ƙasa ake fara aiki.

Ɗauki fita daga hawan ruwan ciki, wadda ake kira upa. Ka kama hannunsa ɗaya ka manne shi a ƙirjinka, ka sa ƙafarka ka tare tasa ta wannan ɓangaren, ka jawo dugaduganka kusa da ɗuwawu, sannan ka ɗaga ƙugu sama sosai kafin ka juya ta kan kafaɗa. Yawancin masu faɗuwa a nan ƙafar suke mantawa, sai na sama ya dogara da ita ya zauna daram. Wasu kuma sukan miƙa hannuwa biyu su tura ƙirjinsa, alhali wannan kyauta ce: hannun da ka miƙe shi zai kama ya lanƙwasa maka gwiwar hannu. Idan kai ne ke kama hannun, ka matse gwiwoyinka, ƙugunka ya manne da kafaɗarsa, babban yatsansa na kallon sama. Da ka bar gwiwoyi a buɗe, gwiwar hannunsa za ta zame, ka tashi a tutar babu.

In ka kama bayansa, kada ka harɗe ƙafafu a gabansa. A dokar IBJJF, hukumar jiyu-jitsun Birazil ta duniya, ba za a ba ka maki 4 ba sai dugaduganka na cikin cinyoyinsa ba a harɗe ba, kuma harɗewar na ba shi damar danne maka idon sawu. Sauran makin ma ka haddace su, ana tambaya: kayarwa 2, juyar da na sama 2, gwiwa a ciki 2, wuce ƙafafunsa 3, hawan ciki 4, kowanne sai ka riƙe daƙiƙa 3.

Makonni 4 na farko ka zaɓi dabaru kamar 10 da ka riga ka sani, ka maimaita kowacce sau 10 dama, sau 10 hagu, da abokin da zai fara sakin jiki sannan ya riƙa ƙara turjiya. Sabuwar dabarar da ka gani a YouTube jiya ka ajiye ta sai bayan jarrabawa. Mako na 5 ka yi zagayen kokawa na minti 5 zuwa 6 kana farawa daga ƙasa, a matse. Na ƙarshe ka sassauta, kwana 2 kafin ranar ka huta.

Batun zafi kuwa, Garwa a Afrilu takan haura digiri 40, ga kimono, wato rigar atisaye, mai kauri kamar bargo. Ka auna nauyinka kafin atisaye da bayansa; duk kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta ruwa ta fita, ka mayar da kamar lita ɗaya da rabi a hankali. Ka yanke farce, ka wanke kimono bayan kowane atisaye ka shanya a rana. Mai makero a jiki kada ya hau tatami, wato shimfiɗar atisaye, sai ya warke, don haka ake shafa wa kulob gaba ɗaya. Kuma ranar gwaji in an shaƙe ka, ka bubbuga da wuri, alamar ka sallama. Malami ya fi ganin hankali a wannan fiye da taurin kai.

Tambaya: Ɗana shekararsa 14, ya fi manyan kulob ɗinsu da yawa iyawa, amma an hana shi shuɗiyar ɗamara. Ba son kai ba ne? Daga wata uwa a Kusiri.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba a zalunce shi ba. A tsarin IBJJF ba a ba da shuɗiya sai an kai shekara 16. Yara suna da nasu launuka: bayan fara sai ruwan toka, rawaya, ruwan lemo, sannan kore. Na manya kuwa fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, baƙa, kuma a ƙa'ida mai shuɗiya yakan yi aƙalla shekara 2 kafin shunayya. Tsakanin ɗamara da ɗamara akwai zane, galibi har 4, da ake liƙawa a bakinta, su ne za ki riƙa duba ci gabansa da su.

Sai dai ki bincika wane jiyu-jitsu yake yi. Kulob da dama a ƙasashen da ke bin tsarin Faransa suna koyar da na Japan tare da judo, inda shuɗiya ke zuwa bayan kore, kuma jarrabawarsu ta fi tsauri wajen iya faɗuwa: baya, gefe, da wuntsilawa gaba, haɓa a manne da ƙirji, tafin hannu ya bugi tatami. In irin wannan ne, shekarun da ake nema daban ne, malaminsa zai nuna miki takardar tsarin.