Amsa ga mai tambayar ma'anar dissection

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga kalmar dissection a littafin bayoloji na ƙanwarka, sai kuma gashi ka sake ganinta a takardar asibitin kawunku, shine kake tambaya ko abu ɗaya ake nufi. Ba ɗaya bane gaskiya, kuma ta asibitin ce tafi tsaya min a rai.

Asalinta daga Latin ne, a yanka abu a rarrabe shi, feɗewa dai. Ta ƙanwarka ita ce a feɗe kwaɗo ko ɓera a kafe fatar da fil a ga kayan cikinsa. Mu da muka yi anatomi kuwa gawar mutum ake bamu wadda aka adana da formalin, warin nan ya sa idonka hawaye ya bi rigarka har ɗaki, ga littafi a buɗe a gefe kana bin jijiya ɗaya ta hannu a hankali kar ka tsinka ta, haka zaka wuni. Wannan don koyo ne, daban yake da binciken gawa da ake yi don gano abinda ya kashe mutum.

Masu sharhin ƙwallo ko kasafin kuɗi ma suna aronta, in sun feɗe biri har wutsiya kenan.

To a asibiti sai ka duba kalmar dake gabanta. In neck dissection aka rubuta, tiyata ce ta cire ƙwayoyin nan na wuya masu kumbura su zama kaluluwa, yawanci saboda ciwon daji (kansa). In kuma aortic dissection ne to babu likitan da ya yanka komai, babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya ce, bangonta hawa 3 ne, sai na cikin ya tsage jini ya kutsa tsakani yana ɓamɓare su, kuma galibi hawan jinin da aka daɗe ba'a kula dashi ba ne ke jawo shi. Ciwon ƙirji ne mai zuwa farat ɗaya kamar ana yaga mutum, har ya buga baya tsakanin kafaɗu. In ɓangaren kusa da zuciya ya kama tiyatar gaggawa ake yi, in ta ƙasa ne sau da yawa da maganin sauke jini ake fara riƙe shi.

Dan Allah ka sa likitansa ya karanta muku layin gaba ɗaya yau ɗinnan, in kuma kawu na gida yana kukan ƙirji ko baya kar ku jira gari ya waye. Allah ya bashi lafiya.