Fatawa: Cinikin da aka ƙulla da mai gyaran firji ta waya, da hukuncin kuɗin zuwansa

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Firjin gidana ya daina sanyi, na kira mai gyara bayan ƙarfe 11 na dare, bai ɗauka ba sai a kira na biyar. Na ce masa firji ba ya sanyi, ya ce gas ne, ya yanka kuɗi, na ce na yarda. Washegari ya zo daga unguwa mai nisa, ya auna, ya ce kwamfureso ne, wato injin da ke zagaya da gas ɗin, ya ƙone, ya faɗi kuɗin da ya fi ƙarfina. Ya nemi kuɗin mota da na dubawa, na hana shi tunda bai gyara komai ba. Daga baya na sayo kwamfureso na ba wani ya ɗaura da rahusa. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, makonni uku kafin nan wani ya taɓa zuba wa firjin gas. Akwai haƙƙinsa a kaina? Kuma maganar waya tana zama ciniki a shari'a?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Akwai haƙƙinsa a kanka, ɗan'uwa, kuma sai ka biya shi.

Maganar waya tana ƙulla ciniki. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na birnin Jidda a shekarar 1990, ta yanke cewa masu magana ta waya hukuncinsu ɗaya da waɗanda ke zaune wuri guda. Abin da aka aika a rubuce kuwa, ciniki yana ƙulluwa ne idan tayin ya isa ga wanda aka yi wa, ya kuma karɓa, kuma imel da saƙon WhatsApp nan suka shiga. An cire ɗaurin aure da canjin kuɗi da cinikin salam (biyan kuɗi tun kafin a kawo kaya) saboda sharuɗɗan da suka keɓanta da su. Gyaran firji ba ya cikinsu.

Sai dai abin da kuka ƙulla a daren nan cinikin zuba gas ne. Ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an san aiki an san lada. Da ya tarar matsalar daban ce, wancan cinikin ya rasa abin da zai hau kansa, ba shi da ikon tilasta maka sabon farashi, kai ma ba ka da ikon cewa ya ɗaura kwamfureso a kuɗin gas. Ƙin da ka yi ba laifi ba ne.

Laifin yana wajen sallamarsa hannu rabbana. Kai ka kira shi, ya bar shagonsa, ya biya abin hawa, ya ɗora mita a kan ƙafafu uku na kwamfureso ya gano maka cutar. Wannan aiki ne. Da kun yi sharaɗi tun farko, sharaɗin za a bi, domin Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Tunda ba ku yi ba, sai a koma ga al'adar masu sana'ar a garinku, don ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce abin da al'ada ta tabbatar kamar abin da aka sharɗanta ne. Tambayi mutum biyu ko uku masu wannan aikin nawa ake ba wanda ya zo dubawa daga irin wannan nisa, ka ba shi haka.

Kana iya cewa ai jinga ce, in ya gyara a biya shi, in bai gyara ba babu komai. Gaskiya ne jinga halas ce, dalilinta na cikin Suratu Yusuf aya ta 72, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai jinga ba shi da komai sai aiki ya kammala. Amma wannan ba ya fitar da kai, ta fuska biyu. Ba shi ne ya kasa ba, kai ka tsayar da aikin. Sannan malamanmu na Malikiyya sun ce idan mai kaya ya amfana da aikin na farko ya ba wani ya ƙarasa, na farkon yana da rabonsa gwargwadon abin da ya yi. Da wane ilimi ka shiga kasuwa ka sayo kwamfureso kai tsaye? Da nasa. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya ci moriyar aikinsa bai ba shi ladansa ba. Kuɗin ƙanƙane ne, kada ka bari ya kai ka can.

Ɓoye maganar wanda ya fara taɓa firjin ita ce ta fi damuna a tambayarka, saboda ita ce ta haifar da duk rikicin. Gas ɗin firji ba ya ƙarewa kamar na girki. A rufe yake yana zagayawa cikin bututu, in ya ragu to akwai inda yake zurarewa, sau da yawa a wurin da aka caka da wuƙa garin ɓamɓare ƙanƙara. Mai gyaran da ya ji an zuba gas makonni uku da suka wuce kuma sanyi ya sake ɗaukewa, ba zai ce maka gas ne kawai ba. Zai yi zargin ba a toshe hujin ba, ko ba a zuƙe iska da damshi daga bututu kafin zubawa ba, ko an zuba fiye da kima, ko an sa gas nau'in R134a a injin da aka ƙera don nau'in R600a, alhali man da ke cikinsu da matsin da suke aiki da shi ba ɗaya ba ne. Kowanne cikin waɗannan yana iya kashe kwamfureso. Da ya ji haka, da bai yanka maka kuɗi ta waya ba, da ya zo da shirin da ya dace. Idan ya tambaye ka ka musa, ƙarya ce kai tsaye. Idan bai tambaya ba ka yi shiru don kada ya ƙara kuɗi, shirun nan ya shiga algus, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mutane na ɗauka wannan hadisi na 'yan kasuwa ne kaɗai, alhali mai ba da aiki ma yana ciki. Shi ma mai gyaran ya yi gaggawa da ya yanke hukunci kan abin da bai gani ba, amma gaggawarsa ba ta kayar da haƙƙinsa.

Don gaba, kafin ka kira, ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan firjin ko a cikinsa, wadda ke nuna samfurinsa da irin gas ɗinsa da nauyinsa a giram. Saurari injin. In yana gurnani na ɗan lokaci sai ya yi ƙas ya mutu, bayan 'yan mintuna ya sake, sau da yawa rile ne ko ƙarancin ƙarfin wuta, kuma rile, wanda shi ke tayar da kwamfureso, ƙaramin abu ne mai araha. In yana ta aiki ba tsayawa amma ragar bayansa ba ta ɗumi, an fi zargin gas. Faɗi ko da wutar Nepa yake aiki ko janareta ko sola, akwai sitabilaiza ko babu, yaushe abin ya fara, wa ya taɓa shi. Sai ku raba magana uku tun a waya: kuɗin zuwa da dubawa, kuɗin aiki, kuɗin kaya, da kuma wanda zai sayo kayan, sabo ne ko na hannu. Da kun gama, tura masa abin da kuka tsayar a rubuce ya amsa da "na yarda". Allah Ya yi umarni da rubuta bashi a Suratul Baƙara aya ta 282, kuma duk kafin alƙalamin da za ka tura masa ya fi cancantar a rubuta shi. Wannan ya fi naɗar muryarsa a ɓoye, wanda ba na ganin dacewarsa. Idan kamfani ne kake aika wa imel, sa sunan na'urar da matsalarta a kan saƙon, ka haɗa hoton rasit in akwai garanti, ka bar lambar da za a same ka.

Kiran ƙarfe 11 na dare har sau biyar kuwa bai dace ba. Suratun Nur aya ta 58 ta ambaci lokuta uku na sirri: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar isha'i. Hadisin Abu Musa ya ce neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka koma, kuma malaman zamani sun yi ƙiyasin kiran waya a kan ƙwanƙwasa ƙofa. Firjin da ya mutu zai kai safiya, tura saƙo ya ishe ka. Wayar wuta da ke tartsatsi ko bututun ruwa da ya fashe, wannan lalura ce, kira ko ƙarfe nawa ne. In ya ɗauka, yi sallama ka faɗi sunanka da wanda ya ba ka lambarsa, domin Annabi (SAW) ya ƙi jin "ni ne" daga Jabir a bakin ƙofa. Ka ce masa Malam ko Injiniya, ba "kai mai firji" ba. Yin filashin ga wanda kai ke neman aikinsa rashin kunya ne. Kuma ka sa masa lokacin da kai ko wani namiji baligi yake gida, kada ka turo shi gidan matan aure ka yi tafiyarka.

Akwai hukunci ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka yarda a ɗauki firji zuwa shago. Risala ta ce masu sana'a suna lamunce abin da suka tafi da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. In ya ɓace ko ya lalace a shagonsa, shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. In a gidanka ya yi aikin, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka sa shi. Tsohon kwamfureso da aka cire naka ne, ba ya halatta gare shi sai ka bar masa, kuma ba shi da izinin sayen wani abu da sunanka sai ya kira ka ka amince.

Ka neme shi, ka faɗa masa abin da ka ɓoye, ka ba shi kuɗin motarsa na zuwa da komawa da ladan dubawa yadda al'ada ta tsayar. In ya yafe bayan ya ji gaskiyar maganar, ka kuɓuta. In lambarsa ta ɓace maka, bi ta wanda ya haɗa ku, in duk hanya ta toshe ka yi sadaka da kuɗin a madadinsa, da niyyar biyansa duk ranar da ya bayyana bai amince da sadakar ba.

Wallahu a'alam.