Yadda ake lanƙwasa siririn katako ya bi bango mai lauje

Malam, ka tambaya yadda za ka lanƙwasa siririn katakon ƙawa ya kwanta a jikin bango mai lauje ba tare da ya tsage ba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce yin tsage-tsage da zarto a fuskar katakon da za ta kasance cikin lanƙwasar, kusa da juna kuma bisa tazara ɗaya, kana barin kimanin milimita 2 zuwa 3 ba a yanke ba, domin wannan ɓangaren ne zai lanƙwashe yayin da tsagogin ke rufewa. Gwargwadon tsananin lauje, gwargwadon kusancin tsagogin. Ka fara gwadawa a kan guntun da ya rage, ina roƙonka, domin zurfin da ya wuce kima yakan ɓata aikin gaba ɗaya.

Idan tsagogin za su fito fili, sai a koma ga tururi, wanda ke tausasa katako. Ƙa'idar kafintoci ita ce awa 1 ga kowane inci 1 na kauri, sannan a ɗaure shi a kan sifa, wato wani abu da aka yi da irin laujen bangon, tun yana da zafi, a bar shi ya bushe sosai. Ka ɗan tsananta laujen sifar, saboda katako yakan ɗan miƙe bayan an kwance shi. MDF kuwa, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam, ba ya jure tururi, kumbura yake yi.

Inda kuma katako biyu za su haɗu a kusurwa mai digiri 90, yanke kowane baki bisa digiri 45 ya wadatar, amma ka auna kusurwar tukuna.