Me ya sa fayil ɗina ya fito rabi?

Tambaya: Malam, na rubuta furogiram da yaren C, fwrite (umarnin rubuta bayanai a fayil) bai nuna matsala ba amma rabin bayanan kawai na tarar a fayil. Ya aka yi? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ai ɗan'uwa fwrite tara bayanan yake a ma'ajiya tukuna, sai wajen fflush (umarnin juye ma'ajiya) ko fclose (umarnin rufe fayil) ake miƙa ragowar don a rubuta kan diski, to in diski ya cika nan kuskuren zai fito, kuma yawancin mutane ko kallon abin da fclose ya dawo da shi ba sa yi. Duba shi, in EOF ne (alamar gazawa) rubutu bai kammala ba, kira perror (umarnin nuna saƙon kuskure) ka ga dalili. A Linux gwada rubutawa cikin /dev/full, fayil na musamman da ke yin kamar diski ya cika, kullum ENOSPC (kuskuren rashin wuri) yake bayarwa. In ɗauke wuta kake tsoro, ƙara fsync (umarnin da ke tilasta bayanan su sauka kan diskin kansa) bayan fflush.