Su Wane Ne Kuki?

Tambaya: Malam, na ji rediyo na ambaton Kuki a rikicin Indiya. Su wane ne? — Mai karatu daga Maradi

Amsa: Ɗan'uwa, mutanen tsaunuka ne na arewa maso gabashin Indiya, musamman jihar Manipur, akasarinsu Kiristoci. Danginsu su ne Chin na Myanmar da Mizo na jihar Mizoram. Iyaka ce ta raba su, kamar Maradi da Katsina. Daga 1917 zuwa 1919 sun yaƙi Turawan Ingila da suka nemi kwasar su aikin ƙarfi a Faransa.

Rikicin da ka ji ya ɓarke ranar 3 ga Mayu 2023 tsakaninsu da Meitei mazauna kwari, waɗanda ke neman gatan da doka ta keɓe wa wasu ƙabilu irin su Kuki. Tsoron Kuki shi ne hakan ya buɗe ƙofar sayen filayensu.