Amsa: Maɓallin komawa baya yana goge zaɓin mai saye

Ɗan'uwa, ka ce in mutum ya tace kaya a shagonka na intanet, ya buɗe ɗaya, ya danna komawa baya, sai ya tarar komai ya goge. Burauza ce ba ta san an motsa ba. JavaScript, wato yaren da ke sarrafa shafin, ya sauya abin da ke kan allo, amma adireshin yana nan yadda yake.

Duk sanda aka zaɓi rukuni ko aka wuce gaba, ka kira history.pushState, umarnin da ke ƙara sabon adireshi a tarihin burauza ba tare da sake loda shafin ba, ka sa zaɓin cikin adireshin, kamar ?rukuni=takalma&shafi=3. Sannan ka saurari popstate, saƙon burauza ne da ke tashi in an koma baya, sai ka karanta adireshin ka sake jera kayan. Ka lura, pushState da kansa ba ya tayar da popstate.

Amma don Allah kada ka kira pushState a kowane harafi da aka buga a akwatin bincike, bawan Allah zai yi ta danna baya ya kasa fita. Nan replaceState ya dace, don shi yana sauya adireshin da ake kai ne ba tare da ƙara sabo a tarihin ba. Fom ɗin da ba a gama cikewa ba kuwa, ajiye shi a sessionStorage, ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, ban da kalmar sirri.